Farce biyu suka yi kore, na kusa ajiye sana'ar

1/ Ƙarfe shida da 'yan mintuna na safe, ko shayi ban sha ba, saƙon murya ya shigo wayata. Minti huɗu da wani abu. Duk mai sana'ar hannu ta san kwastoma ba ta aiko da saƙon minti huɗu don ta ce an gode. Ku gyara zama, labarin da ɗan tsawo, kuma zai taɓa mu duka, masu yi da waɗanda ake yi wa.

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba: ɗaliba ce ni a BUK, gidanmu a Hotoro. A yajin aikin ASUU na 2022, wata takwas ɗin nan daga Fabrairu zuwa Oktoba, na koyi ƙunshi. Bana a dogon hutu na ƙara da gyaran farce. Sati shida a wani shago, aka miƙo min satifiket mai hatimi, na dawo gida ina jin kaina ƙwararriya.

3/ Ɗakin da ke kusa da zaurenmu na share, na saka tebur ɗaya, kujera biyu, fitilar busar da jel mai caji. Asabar da Lahadi nake aiki, sai wataran da yamma idan ba lakca. Daga nan nake fitar da kuɗin adaidaita zuwa makaranta, kuma kun san daga Hotoro zuwa titin Gwarzo ba wasa ba ne tun da fetur ya tashi a 2023.

4/ Matar da zan ba ku labarinta, Anti zan kira ta, don haka nake kiranta. Ƙawar ƙanwar mamana ce, tana aiki a ofishin lissafi na wani kamfani a Bompai. Kar wanda ya tambaye ni sunanta ko na kamfanin. Ita ce kwastomata ta goma sha ɗaya a farce. Ina da littafi, shi ya sa na san lambar.

5/ Bikin ƙanwarta ne ya taso. Tana son akirilik, dogo, ruwan madara, da 'yan duwatsu a yatsa biyu. Na ce 12,000. Ta ce haba 'yar nan, ni fa ta gida ce. Muka tsaya a 9,000.

6/ Na yi mata maganar alwala, kamar yadda nake yi wa kowa, tunda abin yana hana ruwa taɓa farce. Ta ce tana fashin salla, nan da kwana shida za ta dawo in cire mata. Na ce cirewar kyauta ce. Ba ta dawo ba. Maganar sallarta tsakaninta da Ubangijinta ne, ban saka baki ba, ku ma don Allah kar ku saka.

7/ Kwana ashirin da huɗu bayan nan saƙon ya zo. A taƙaice: na ruɓar mata da yatsu. Jabun kaya na saka mata. Yarinya ba ta iya ba tana wasa da lafiyar mutane. In dawo mata da kuɗinta, in ƙara da 40,000 na asibiti, in ba haka ba sai duk Hotoro ta san ko ni wace ce.

8/ Ga inda na fara kwafsawa. Ko minti biyu ba a yi ba na amsa: "Anti ai na ce ki dawo bayan kwana shida." Shi ke nan. Ban ce sannu ba. Ban ce turo min hoto in gani ba. Ban tambaya ko yana mata ciwo ba. Mace tana cewa yatsanta ya ruɓe, ni kuma ina kare kaina kamar a gaban alƙali.

9/ Abin da na rubuta gaskiya ne fa. Amma gaskiyar da aka jefa wa mutum a lokacin da yake a tsorace, zagi yake jin ta.

10/ Kafin azahar na gan ni a sitatus ɗinta. Hoton yatsu biyu, farcen ya yi kore-kore kamar gansakuka, kusa da shi hoton tallata da sunan shafina. Kafin la'asar mutum uku da suka kama layin Asabar sun ce wani uzuri ya taso. Uzuri ɗaya, mutum uku, rana ɗaya.

11/ Da magariba Mama ta dawo daga gaisuwa a maƙwabta, ko hijabi ba ta cire ba ta ce, "Ke, me kika yi wa 'yar mutane?" A nan na san labarin ya bar waya ya shiga tsakar gidaje. Hotoro a taswira babba ce, daga wajen defo har baifas, amma a bakin mata ƙarama ce ƙwarai.

12/ Na kai kuka guruf ɗinmu na waɗanda muka koya tare. Shawara ta rabu gida biyu. Kashi na farko: ki toshe ta, ki saka naki sitatus ɗin, ai kina da hujja, kar ki bari a raina ki. Kashi na biyu: ki tura mata duk abin da ta nema, ki roƙe ta, kwastoma sarki ne.

13/ Ra'ayina, kuma saboda shi na yi wannan dogon rubutu: duka biyun gudu ne. Na farko gudun laifi, na biyu gudun rigima. Ba wadda ta ce min, to tsaya, me ya sami farcen? A cikin mutum goma sha tara masu satifiket, babu wadda ta tambaya. Ni ma ban tambaya ba sai da dare ya yi.

14/ "Kwastoma sarki ne" magana ce mai daɗi ga wanda ke da jarin da zai shanye asara. Ke da ribar aikin gaba ɗaya ba ta kai 4,000 ba, in kika biya 49,000 don a yi shiru, kin yi aikin wata uku a banza. Kuma kin koya wa unguwa cewa sitatus ɗaya ya isa a tatse ki.

15/ Mafi muni, biyan kuɗin yana nufin kin amsa duk abin da aka faɗa, har da jabun kaya. Kuɗi ba ya magana rabi-rabi. Gobe za a ce ai ta biya, da ba ta da laifi da ba ta biya ba.

16/ Ita kuma "ki toshe ta" ta fi daɗi a baki, na sani. Na rubuta martani har sau uku ina gogewa. Amma yatsun nan daga tebur ɗina suka tashi. In na toshe ta, koren bai tafi ba, sai dai na daina ganinsa. Kuma wadda za ta zauna a kujerar gobe za ta samu hannun da bai koyi komai ba.

17/ Daren nan na buɗe hoton na ƙara girmansa. Yatsan tsakiya da na zobe, hannun dama. Sai ranar ta dawo min tar. Ta zo a makare bayan magariba, ba wuta, fitilar caji ta fara ja, tana ta duba agogo saboda gobe kamu. Ina sauri.

18/ A waɗannan yatsu biyun ban kankare fatar da ke manne a gindin farce da kyau ba, kuma akirilik ɗin ya ɗan hau kan fata. Na gani da idona. Na shafe da buroshi na ce ba komai. Wannan "ba komai" ɗin shi ne nawa kason, kuma ba wanda ya san shi sai ni.

19/ Bari in bayyana abin da ke faruwa, don da yawa muna saka abin ba mu san yadda yake aiki ba. Akirilik ruwa ne da hoda da ake haɗawa su daskare a kan farce. Farce kawai yake kamawa. In ya hau fata, ko aka bar maiƙo ko ɓawon fata a ƙasa, nan da 'yan kwanaki gefen zai ɗaga.

20/ Da ya ɗaga, an samu ɗan aljihu tsakanin farcen roba da na gaskiya. Ruwan wanke-wanke ya shiga, na wanka ya shiga, ba ya fita, ba ya bushewa. Akwai ƙwayar bakteriya mai suna Pseudomonas da ke son irin wannan wuri mai danshi da duhu. Ita ke fitar da launin koren nan.

21/ Ba ruɓewa ba ne, kuma yawanci ba fangas ba ne kamar yadda kowa ke cewa. Launin yana shiga jikin farcen, ba ya wankuwa. Sai dai a cire abin da ke sama, a bar wurin a bushe, a jira farce ya tsiro ya ture shi. Farcen hannu kuwa wajen milimita 3 yake yi a wata. Wata huɗu zuwa shida kafin ya sabunta gaba ɗaya.

22/ In akwai zafi, kumburi, ruwa ko mugunya, ko farcen ya fara rabuwa da nama, wannan ya wuce tebur ɗin mai gyaran farce. Asibiti. Kuma don Allah kar a rufe koren da wani sabon farce ko jan farce don kar a gani. Wannan ciyar da ƙwayar ne.

23/ Washegari Mama ta ce ba za a yi wannan magana a waya ba. Ta haɗa ni da ƙanwarta, muka tafi gidan Anti bayan la'asar. Na ɗauki asiton, auduga, foyil, da kwalbar ruwan akirilik ɗina. Ƙafata kamar ba tawa ba.

24/ "Anti ina wuni." "Lafiya." Ko kallona ba ta yi ba. Na ce, "Anti, amsar da na ba ki jiya ba ta dace ba, ki yi haƙuri. Na zo in ga hannun ne." Ta yi shiru, sannan ta miƙo shi kamar mai miƙa takardar sammaci.

25/ Biyun da suka yi kore ta riga ta ɓanɓare su da kanta, sun tafi da ɓawon farcen. A gefensu ga wani farin abu mai tauri da ba nawa ba. Na ce Anti mene ne wannan? Ta ce tun kwana huɗu suka ɗaga, ana tsakiyar biki, sai ta ɗiga sufa gulu ta manne.

26/ To kun ji. Ruwa na ciki, aka rufe ƙofa da gam, aka bar shi sati uku. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma ban faɗa mata haka ba, don ranar farko ta koya min darasi. Na fara da nawa.

27/ Na ce, "Anti, ɗagawar da suka yi a kwana huɗu laifina ne. Ban shirya yatsun nan biyu da kyau ba, na yi sauri. Aikin da aka yi daidai ba ya ɗagawa a kwana huɗu." Wallahi sai da ta ɗago ta kalle ni. Ina jin ta shirya wa musu ne, ba ta shirya wa wannan ba.

28/ Na jiƙa auduga da asiton na naɗe sauran takwas ɗin da foyil. Minti ashirin ake jira. Wani sirri da ban taɓa lura da shi ba: mace mai yatsu takwas a naɗe ba ta iya riƙe waya, ba ta iya tashi ta bar ki. Dole a yi hira.

29/ A cikin minti ashirin ɗin nan ainihin maganar ta fito. Wata a ofis ta ce mata haka ya fara wa wata har aka yanke yatsa. Aikinta duk a kan kwamfuta ne da miƙa takardu, kowa na ganin hannun. Maigidanta kuma tun farko ya ce kar ta saka. Kwana biyu ba ta yi barci ba.

30/ Ashe rabin saƙon minti huɗun nan tsoro ne, kwata kunya, sauran ne kawai nawa. Wannan bai wanke zagin ba, kuma bai wanke saka hotona ba. Amma da na tambaya tun safiyar farko, da ƙila ba a kai ga sitatus ba.

31/ Sai a lokacin na ce, "Amma Anti, koren daga ruwan da gam ya rufe ne. Da kin kira ni ranar da ya ɗaga, minti goma ya isa." Ta ce ai ban faɗa mata kar ta saka gam ba. Na buɗe baki zan yi musu, sai na tuna gaskiya ne. Na ce ta dawo kwana shida, ban ce mata ga abin da zai faru in ya ɗaga ba.

32/ Ga yadda muka ƙare. Na mayar mata da 9,000 ɗinta a take, ta ga alat. Na ce ta je wajen likita, ba kemis ba, zan biya kuɗin ganinsa. Ta je, ya ce bakteriya ce, ya rubuta magani, ya ce a bar shi a bushe. Na biya 5,000.

33/ Abu biyu na ƙi. Na ƙi 40,000 ɗin da ba rasit, ba lissafi. Na kuma ƙi abin da ta fi nacewa a kai: in rubuta a shafina cewa jabun kaya na yi amfani da su. Na ce, "Anti, wanda na yi na ɗauka. Wanda ban yi ba, ko za ki sake saka ni, ba zan ɗauka ba." Muryata na rawa, amma na faɗa.

34/ Na san wasu za su ce me ya sa na mayar da duka, bayan yatsa biyu ne cikin goma. Don biki ta yi shi, a tsakiyar bikin ya lalace. Mai ɗinki da ya ɓata hannun riga ɗaya ba zai ce ai sauran rigar lafiya lau ba. Ba dole aka yi min ba, ni na ga haka ya dace.

35/ Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ce in aikin da aka biya bai kai ingancin da ake tsammani ba, a gyara ko a mayar da kaso na kuɗin daidai da gazawar. Wannan "ba a mayar da kuɗi" da muke rubutawa a shafukanmu ba ya kare kowa.

36/ Waɗanda suka yi Risala a islamiyya ma za su tuna akwai hukuncin lamunin masu sana'a: tela ko marini da aka damƙa wa kaya ya shige da su, in sun lalace a hannunsa shi ke biya. A kan kaya ake magana, na sani. Amma in an tsaurara haka a kan yadi, ina ga yatsan mutum?

37/ Maganar jabun kaya kuwa, na ƙi ne don na san me kalmar ke nufi a wannan sana'a. Akwai ruwan akirilik iri biyu, EMA da MMA. MMA ya fi araha nesa ba kusa ba. Warinsa ya fi ƙarfi, yana yin tauri kamar dutse, asiton da ƙyar yake narkar da shi, kuma in ya bugu da wani abu yakan tafi da farcen gaskiya.

38/ Hukumar FDA ta Amurka ta ɗauki mataki a kansa tun 1974. Amma har yau za ki ga ana juye ruwa a kwalabe marasa takarda ana sayar wa masu farawa. Nawa EMA ne, a rubuce a jikin kwalba, shi ya sa na tafi da ita. Anti ta juya ta ta karanta, ba ta ce komai ba.

39/ Nan zan taɓa ku kwastomomi. Kina son akirilik cikakke da duwatsu a 4,000, kuma kina son ya yi wata. Daga ina kike tsammanin za a rage? Ba daga haya ba, ba daga fetur ɗin janareta ba. Daga kwalbar za a rage. Araha ba ta ado, a nan kuma har ciwo take kawowa.

40/ Jel ma ba tsira ba ne. Akwai sinadarin HEMA a cikin da yawansu, in yana taɓa fata bai bushe ba yakan jawo borin jini: ƙaiƙayi, ƙuraje, fata na tsagewa, kuma in jiki ya kama shi ba ya saki. Tarayyar Turai ta taƙaita shi ga ƙwararru kawai, sannan daga 1 ga Satumba 2025 ta hana wani sinadarin, TPO, a cikin jel.

41/ Mu a nan fitilar caji da batirinta ya yi sanyi muke busar da jel da ita. Sama ya bushe, ƙasa ɗanye. Mai yi ba ta sani ba, wadda ake yi wa ba ta sani ba.

42/ Wanda ya kawo ni kan abin da ya fi ci min rai: koyarwar. Sati shida na yi. An koya min siffar farce iri biyar, saka dutse, haɗa launi, har da yadda ake ɗaukar hoton hannu ya yi kyau a Instagram. Ba a taɓa ambatar Pseudomonas ba. Ba a taɓa cewa ga abin da za ki yi in kwastoma ta dawo da kuka ba.

43/ Ban zargi wadda ta koya min ita kaɗai ba, ita ma haka aka koya mata. Muna biyan kuɗi don abin da za a iya nunawa a hoto, ana sayar mana da abin da muka nema. Tsafta ba ta fitowa a hoto.

44/ Misali ɗaya da ya hana ni barci. Binciken ƙasa na NAIIS a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Kusan mutum ɗaya a cikin goma sha biyu. Ƙwayar tana iya rayuwa a wajen jiki har kwana bakwai, a jikin almakashi ko abin yanke fata.

45/ Mu 'yan "salun" muna yi wa masu yankan farce na kan titi kallon raini, wai almakashi ɗaya suke yawo da shi daga kasuwa zuwa bakin masana'antun Sharada da Challawa. To mu fa? Shafa sifirit da auduga na daƙiƙa biyu tsakanin kwastoma da kwastoma, bambancinmu da su fitila mai zobe ce kawai.

46/ Tun bayan wannan na yi allurar rigakafin ciwon hanta, saura ta uku. Abin gurzar farce kowa da nata, sabo, a gabanta nake buɗewa. Ƙarafuna kashi uku na saya don in samu lokacin wanke su da jiƙa su yadda ya kamata. Farashina ya hau da 1,500, wasu sun gudu.

47/ Kafin in taɓa hannu yanzu sai na tambaya: wane aiki kike yi? Ke ke wanke-wanke? Kin taɓa yin ƙaiƙayi da jel ko baƙin lalle? Wata mai aiki a kamfanin kayan ci ta zo, na ce akirilik ba naki ba ne, a bakin ƙofa za a sa ki cire. Na yi mata jan lalle a farce, ta tafi tana ƙunƙuni.

48/ Kuma duk wadda ta tashi daga kujerata, saƙo ɗaya ke bin ta a WhatsApp: in ya ɗaga ki kira ni, kar ki saka gam, kar ki ɓanɓare, cirewa kyauta ce. Bayan magariba in ba wuta, ba na aiki, ko amarya ce da kanta.

49/ Game da sitatus. Kina da haƙƙin ki gargaɗi mutane a kan mai aikin banza, ban musa ba, wani lokacin shi kaɗai ne makamin da kwastoma ke da shi. Amma ki fara kiran ta. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, hoton da aka ɗauka daga shi yana nan a wayoyin da ba ki sani ba. Har yau akan turo min nawa a ce, "Ke ce wannan?"

50/ Anti ba ta saka wani sitatus ɗin ta ce mun sasanta ba, ni ma ban roƙa ba. Cikin ukun da suka fasa, ɗaya ta dawo. Sati biyar Asabar ɗina kusan fayau, har na fara tunanin sayar da fitilar in koma ƙunshi kawai. Mama ce ta ce in bari a ga bayan salla.

51/ Ba ta sake zama a kujerata ba. Amma duk bayan sati biyu takan turo hoton yatsun, ba sallama, ba rubutu. Na jiya, koren ya kusa kai baki, saura ɗan siriri. Ta rubuta kalma uku a ƙasa, karo na farko: "In yanke shi?" Na ce a'a Anti, zai shiga nama, ki ƙara masa sati biyu.